Wandon Niyofirin ko na Nailan: Wanne Ya Fi Dacewa da Doguwar Tafiya a Kayak?

Masu fara tuƙa kayak, wato ƙaramin siririn kwalekwale, sun sha tambayar wane gajeren wando za su saya: na robar niyofirin mai kama jiki, ko na nailan mai saurin bushewa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ɗinki. Mai tuƙi yana zaune ne sa'o'i, ƙugunsa na juyawa da kowane bugun filafili, ruwa kuma na taruwa a mazauni. Ɗinki mai tudu, aljihun baya ko maɓalli, duk sai sun gurje fata kafin a kai gaɓa. A nan niyofirin ya yi zarra: ɗinkinsa a kwance yake, bayansa kan hau sama ya rufe ƙugu, kaurinsa na milimita 2 zuwa 3 kuma yana rage taurin kujera. Na nailan kuwa yakan tattare a matsematsi, sai dai in an sa matsattsen wandon ciki a ƙarƙashinsa. Kada dai ya zama na auduga, domin auduga riƙe ruwa take yi.

A zafi lamarin juyawa yake. Niyofirin yana tara zufa, ya jawo ƙuraje da wari, musamman in ba a ɗauraye gishirin teku an shanya shi a inuwa ba. Nailan yana shan iska, ga shi galibi ya fi araha.

Mai tuƙi a ruwa mai ɗan sanyi, ko wanda igiyar ruwa ke yawan jiƙawa, niyofirin ne nasa. Amma in sanyin ruwan ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, gajeren wando kowane iri bai wadatar ba, sai cikakkiyar rigar shiga ruwa mai rufe duk jiki don kare sanyi. Mai yawo a tafki lokacin zafi, yana sauka yana hawa, ya ɗauki nailan mai mazagi, marar aljihun baya.