Mai tsara cikin gida ko fomen? Amsa ga Alhajinmu mai gini a Hanwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhaji, na ga tambayarka: aiki ya riƙe ka a Abuja, sai ƙarshen wata kake leƙowa Zariya, kana gina gidan zama a Hanwa da ɗakunan hayar ɗalibai a Samaru. Gidan Hanwa an buga kwano, ba a yi filasta ba. Hajiya na so a ɗauko mai tsara cikin gida, abokai sun ce asarar kuɗi ce, fomen ma ya wadatar.

Maganar filasta da ka ambata ita ce kan zancen. Amfanin mai tsara cikin gida kusan duk yana gabanin filasta ne. In an shafe bango an rufe silin, abin da ya rage masa zaɓen fenti da labule, wannan kuwa Hajiya ma za ta iya.

Fomen aikinsa ya ga ma'aikata sun fito, siminti bai yi ƙafa ba, bango ya tafi daidai. Nagari a cikinsu ya cancanci kuɗinsa. Amma ba ya tambayar ina gado zai zauna. Mai wayarin zai binne bututu ya fitar da soket inda hannunsa ya saba, mai famfo ya ja nasa layin, mai POP, wato adon silin, ya buɗe wayarsa ya nuna maka zanen da ya yi wa wani. Kowa ya iya sana'arsa, sai dai babu wanda ya riƙe hoton gidan gaba ɗaya a kansa. Shi mai tsara gida daga kaya yake farowa: ya zana gado, kujeru, wadirof da firji a takarda da awonsu, sannan ya ce ga gurbin soket, ga na makunni, ga inda bututun na'urar sanyaya ɗaki zai fita.

Ɗauki ɗakin kwana mai ƙafa 12 da 12, wanda shi ne yawancinmu ke yi. Gado ƙafa 6 da 6 ya shiga, da 'yan durowoyinsa na gefe ya cinye kusan ƙafa 9 na bango guda. Wadirof na buƙatar zurfin ƙafa 2. Ga ƙofar shigowa, ga ta banɗaki, ga taga biyu. In ba a lissafa tun farko ba, sai ka tarar soket ya ɓuya a bayan allon gado, wadirof ya toshe rabin taga, ƙofar banɗaki na dukan durowa. Ranar jere ake ganin irin wannan, dangin amarya sun zo da kafinta ana neman a rage gado. Gyaran kuwa ba ya wuce fasa bango, sabuwar filasta da sabon fenti, kuma tabon ba ya ɓacewa.

Ta fuskar lokacinka, tazarar ta fi fitowa fili. Da fomen, kai ne mai yanke kowace shawara, ta waya, kana tsakiyar taro: tayil ya ƙare a kawo wani kala? a ɗaga famfon kicin ko a bar shi? Za ka ce a yi yadda ya dace, su kuma su yi yadda ya fi sauƙi. Da mai tsara gida, zama ɗaya ko biyu za ku yi, kai da Hajiya da shi, a tsayar da komai a rubuce, tambayoyin ma'aikata su koma kansa.

Tayil ma kaɗai ya isa misali. Falo mai mita 5 da 6 murabba'in mita 30 ke nan. Kwalin tayil 60 da 60 yawanci guda huɗu ne a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44. Lissafin kai tsaye kwali 21, amma da yanka da fashewa ana ƙara kashi 10 cikin 100, ya zama 23. Wanda ya sayi 21 cif zai koma kasuwa bayan mako biyu ya tarar an sauke wani zubin, lamba ɗaya amma launin ya ɗan sha bamban, kuma a tsakiyar falo ido ke kama shi. Ko a Sabon Gari za a saya, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei kusa da kai, a sayi na gidan duka a lokaci guda. Gogaggen mai tayil ya san haka, amma ba kowane fomen ke tsayawa ya auna ba.

To amma kada a ɗauka duk wanda ya buɗe shafi a Instagram ya fi fomen sanin gida. Akwai inda fomen ɗan gari ke kayar da shi warwas. Ya san maigida na son falonsa da ƙofarsa daban, baƙi maza su shiga su fita ba su ratsa cikin gida ba. Ya san ana buƙatar kicin na waje don girkin suna da na salla, da sito mai ɗaukar buhunan masara, da wurin alwala. Mai kwafo hoto daga Dubai zai haɗe maka kicin da falo babu bango, ranar da aka soya manja aka jefa daddawa kujeru su kwashi rabonsu. Zai sa farin tayil mai ƙyalli a garin da jar ƙasa ke bin takalmi, ya yi POP hawa uku mai lunguna da fitilu, hunturu ya zo daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ta kwanta a ciki, babu tsintsiyar da ke kaiwa. A banɗaki tayil mai santsi haɗari ne ga tsofaffi. Kabad ɗin kicin kuma in an yi ƙasansa da MDF, wato allon garin katako da aka matse, ruwa na taɓa shi zai kumbura. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da gida mai tagogi masu fuskantar juna ya fi gida mai labule uku daɗin zama, musamman in an ɗauke wuta. Wanda za ka ɗauka, ka fara jin bakinsa a kan waɗannan.

Mu Zazzagawa ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, shi ya ɗaura bakan rufin, shi kuma ya tsara adon ciki. Mutum ɗaya ke riƙe da aikin duka. Yau an raba shi hannu bakwai ko takwas, shi ya sa ake neman mai haɗa su.

Batun kuɗi. Wasu masu tsara gida jinga suke yi a kan zane kawai, wasu kaso suke ɗauka daga kuɗin aikin, wasu su ce ka ba su komai su miƙo maka makulli. Na ukun ya fi hutu, ya kuma fi duhu, don ba ka ganin farashin kaya. Na biyun kuwa, duk tsadar abin da aka zaɓa ƙaruwarsa ce. La'ada daga masu shago gaskiya ce, amma ba su kaɗai ke karɓa ba, fomen ma ana ba shi nasa, sai dai ba a rubutawa. Ni na fi son jingar zane, da kuɗin zuwa duba aiki daban, kaya kuma a rubuto sunansu da adadinsu, ka biya shago da kanka.

Ɗakunan Samaru ba sa buƙatar duk wannan. Ɗalibin ABU katifa, teburin karatu, wurin rataye kaya da soket mai yawa yake nema. Ka biya a zana ɗaki ɗaya da banɗakinsa da ɗan kicin, fomen ya maimaita a sauran. Tayil iri ɗaya, fenti mai wankuwa kala ɗaya, ka ajiye rarar kwali biyu a sito, don duk ƙarshen zango sai an yi gyara.

Gidan Hanwa kuwa, da nisanka da matakin da ginin yake, ina bayan Hajiya. Masu tsara cikin gida suna nan a gari, da yawansu sun fito daga sashen zanen gine-gine na ABU. Kada hoto ya ishe ka, wanda za ka ɗauka ya kai ka gidan da ya yi wanda ya ga damina da hunturu, ka tambayi masu zama ciki. Idan ya ce a fasa bango ko a cire ginshiƙi don falo ya buɗe, wannan ba huruminsa ba ne, sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya duba. Fomen ɗinka ya ci gaba da aikinsa, amma ka kira shi yau ya dakatar da mai wayarin da mai famfo har zane ya iso, kuma ka gabatar da su ga juna da bakinka, don ma'aikata ba sa jin maganar wanda maigida bai nuna musu ba.