TeX Live ko MiKTeX ga mai aiki da Windows da Linux

Malam, tunda Windows ce a ofis, Linux a gida, kuma kana so rubutunka na LaTeX (tsarin da ake tsara rubutu da shi a kwamfuta) ya fito iri ɗaya a duka biyun, to a cikin manhajoji biyun da ke sarrafa shi, TeX Live da MiKTeX, TeX Live za ka ɗora.

Abin da ya sa nake ƙaunarta, ba ta ɓoye inda take ajiye kayanta. Misali, ta shekarar 2024 a Windows tana zama a C:\texlive\2024, a Linux a /usr/local/texlive/2024, a Mac ma, inda ake kiranta MacTeX, nan take sauka. Kowace shekara da foldarta, don haka sabuwa ba ta taɓa tsohuwa. Amma naka kayan, kamar fayil ɗin tsarin kundin digiri da sashenku ya bayar, kada ka zuba su a foldar shekara. Wurinsu wata folda ce taka mai suna texmf: ~/texmf a Linux (~ na nufin foldarka ta gida), C:\Users\sunanka\texmf a Windows, ~/Library/texmf a Mac. A ciki sai ka ƙirƙiri folda mai suna tex, cikinta latex, sannan folda mai sunan abin, domin in ka jefa fayil a bakin texmf kawai ba za a gan shi ba. In ka rikice, buga kpsewhich -var-value TEXMFHOME a tagar ba da umarni (terminal), za ta nuna maka wurin.

Lokacin da nake rubuta kundina, kwamfutata ta mutu ana dab da miƙawa. Na ari ta wani aboki mai Linux, na kwafo texmf ɗina daga filashi, aikin ya fito yadda na bar shi, har ƙ da ɗ da ɓ suna nan daram. Cikakkiyar TeX Live ta haura giga 7, amma sau ɗaya za ka sha wahalar sauko da ita, daga nan ko babu intanet aiki na tafiya.

MiKTeX ba laifi, ba ta da nauyi, sai dai tana sauko da abin da ta rasa ne lokacin da ake buƙatarsa, in ba data ka tsaya. Kayanta kuma a warwatse suke cikin foldar AppData ta Windows, foldarka ta texmf ma sai ka yi mata rajista a MiKTeX Console, wato manhajar saitunanta.

Sannan ka yi hattara da masu shagon da za su ce sai ka sayi lasisi ko "kirak". Duka biyun kyauta ne. In za ka biya, kuɗin kwafi da filashi kawai za ka biya, kuma ka duba filashin kafin ka buɗe saboda bairos.