Tsohuwar Manhajar Injiniya da Sabuwar Kwamfuta: Me Ya Kamata a Saya?

Masu aikin zanen gini da masu kula da injinan yanka ƙarfe a Jidda da Riyad sukan sayi sabuwar kwamfuta, sai tsohuwar manhajarsu ta daina ganin injin ko makullin lasisinta, wato ƴar na'urar da ake sokawa a kwamfuta kafin manhajar ta yi aiki. Galibi laifin na direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane na'urar da aka haɗa, domin Windows 11 ba ta da sigar bit 32 (tsohon tsarin da tsofaffin direbobi da yawa ke buƙata), kuma ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannun dijital da ta amince da shi. Saboda haka, kafin a fitar da riyal ko ɗaya, a duba bayan injin a ga irin kafar da wayarsa ke shiga.

Idan kafar RS-232 ce, mai fil tara, adafta daga USB ita ce mafi araha, amma a tambayi mai shago guntun lantarki (chip) da ke cikinta. Na FTDI ya fi kwanciyar hankali. Tsohon Prolific PL2303HXA kuwa kamfaninsa ya daina tallafa masa tun daga Windows 8, ga jabunsa sun cika kasuwa, alamar matsalarsa a Windows kuma ita ce ɗan tambarin gargaɗi mai ruwan ɗorawa da kuskure mai lamba 10. Makullin lasisi mai shiga kafar firinta ta dā ba ya aiki ta adaftar USB, kada a wahalar da kai.

Hanya ta biyu ita ce a girka Windows XP ko 7 a cikin manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin sabuwar, irin VirtualBox ko VMware Workstation Pro, wadda ta zama kyauta a 2024, sannan a miƙa wa tsohuwar Windows ɗin makullin USB kai tsaye. Wannan yana wadatar da mai shirya na'urorin sarrafa injina, sai dai zane mai girma uku, irin na manhajar SolidWorks, yakan yi nauyi a cikinta.

A ganina, ga masana'antar da injinta ke ciyar da ita, tsohuwar kwamfutar tebur da aka yi amfani da ita ta fi, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk da ake samu a dandalin saye da sayarwa na intanet mai suna Haraj. A zaɓi mai ƙwaƙwalwar Intel (processor) zubi na shida ko ƙasa da haka, domin shi ne na ƙarshe da Windows 7 ke tallafawa a hukumance. A nemi mai sayarwa ya yarda a gwada ta da makullin kafin a biya, a buɗe ta a duba ƙurar da ta taru a fanka, wadda da zafin Saudiyya ba ƙaramar illa take yi ba. Tunda Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 7 a Janairun 2020, kada a haɗa wannan kwamfuta da intanet, kuma a kwafe faifanta gaba ɗaya a ajiye a wani wuri.