Gwajin lafiyar zaman Kanada a Jidda: yadda aikin asibitin yake ga mai zuwa karo na biyu

Duk ɗan'uwan da ke zaune a Makka ko Jidda, ya shigar da takardun zama na dindindin a Kanada, akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya riƙe a ka: sakamakon gwajin lafiya wata 12 kacal yake aiki. Idan shekarar ta cika ba ka sauka a Kanada ba, hukumar shige da fice ta ƙasar, wato IRCC, tana iya aiko maka da umarnin sake gwaji, kuma daga aljihunka za ka sake biya. Wannan sharhi kan aikin asibitocin da ke yin gwajin ne a Jidda, musamman ga wanda jira ya cinye masa shekararsa ta farko.

Da farko, ba kowane asibiti ba ne. Sai likitan da sunansa ke cikin jerin da IRCC ta wallafa a shafinta. Gwajin da aka yi maka na igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ko wanda aka yi a gida kafin shigowa Saudiyya, ba ya shiga wannan lissafi ko da jiya aka yi shi. Ofisoshin hidima da ke cewa za su "haɗa maka medikal" ba su da hanyar shiga tsarin eMedical, wanda ta nan kaɗai likita ke tura sakamako. Kuɗin da aka ba su ya bi ruwa.

Gwajin kansa ba shi da wahala, kuma a nan asibitocin sun cancanci yabo. Ana duba fasfo, a ɗauki hotonka a wurin, a tambaye ka tarihin lafiyarka, a auna tsawo da nauyi da hawan jini, a gwada ido da ji. Hoton ƙirji daga shekara 11 zuwa sama, jini na ƙanjamau da tunjere daga shekara 15. Likita ba ya duba al'aura, kuma Hajiya tana da damar neman a sa mata mace a ɗakin. Wanda ya zo da sassafe da takardunsa cikakku yakan gama a wuni ɗaya, ya koma Makka a jirgin ƙasa na Haramain. Amma a tuna iyali duka ake gwadawa, mata da 'ya'ya, har da waɗanda ba za su yi tafiyar ba. Yaron da aka bari a Kano wajen kaka yana karatu, shi ma sai an kai shi wurin likitan da aka amince da shi a Najeriya, kuma nasa wata 12 ɗin daban yake tafiya.

Inda aikin ke da rauni shi ne teburin karɓar baƙi. Ma'aikacin ya saba da igama, hannunsa can yake fara zuwa, alhali fayil ɗin Kanada da fasfo yake tafiya. Sunan da ke kan igama da Larabci yake, kwanan wata kuma sau da yawa na Hijira ne. Sai ka ga Muhammadu na fasfo ya koma Mohammed, ko ranar haihuwa ta goce da kwana ɗaya wajen juyawa. Harafi ɗaya ya isa ya sa sakamako ya kasa haɗuwa da fayil ɗinka, kai kuma kana gida kana cewa Kanada ce ta yi shiru. Maganinsa: kafin ka tashi daga teburin, a juyo maka allon kwamfutar, ka ɗora yatsa kan fasfo kana bi baƙi da baƙi. Mai zuwa karo na biyu ya kawo takardar umarni da aka aiko masa, IMM 1017E, a buge a takarda, domin lambar da ke kanta ce za a yi aiki da ita. Kada ka bari a buɗe maka sabon fayil kamar wanda bai taɓa zuwa ba. Kuma kada ka fita sai an ba ka takardar shaidar cewa an yi gwajin. Dattijon da ba ya jin Larabci sosai ya zo da wanda zai fassara masa, don tambayoyin tarihin lafiya ba a amsa su da ka.

Abubuwan da ke mayar da mutum asibiti kaɗan ne, kuma yawancinsu ana iya kauce musu. Idan an nemi gwajin fitsari, mace mai al'ada jini zai fito a fitsarinta, a ce ta dawo. Gara a sa ranar bayan ta yi wanka da 'yan kwanaki. Mai hawan jini da ya bar maganinsa a gida ya biyo rana, awonsa zai hau, likita ya ƙara gwajin ƙoda ko ya tura shi ga ƙwararre. Mai ciwon suga ya zo da sunayen magungunansa da rahoton likitansa na baya-bayan nan. Mai tabarau ya zo da shi. Ɓoye ciwo kuwa babban kuskure ne a karo na biyu, domin amsoshinka na bara suna nan a ajiye.

Hoton ƙirji shi ne mai cin lokaci da gaske. Idan aka ga tabo a huhu, ko da na tsohon tarin fuka ne da ya warke tun ƙuruciya, za a nemi kaki sau uku, a safiya uku, a gaban ma'aikaci. Shukar ƙwayar cutar a ɗakin gwaji tana ɗaukar mako shida zuwa takwas, babu riyal ɗin da zai gaggauta ta. Idan cutar na da rai, sai an sha magani aƙalla wata shida. Idan tabo ne kawai, ba ya hana tafiya, sai dai a sa ka kai kanka ga hukumar lafiya bayan ka sauka. Wanda aka taɓa yi wa wannan a gwajin farko ya zo da tsohon hoton da sakamakon kakin. Likita ya kwatanta ya ga tabon bai motsa ba. Mai juna biyu kuma ana iya ɗage mata hoton sai ta haihu, jaririn ma a ƙara shi a fayil a gwada shi.

Kuɗi ba Kanada ke yanke shi ba, kowane asibiti da nasa. A tambaya ta waya ko farashin ya haɗa da hoto da jini, da kuma abin da za a caza idan an nemi ƙarin gwaji, domin nan ne lissafi ke kumbura ga mai iyali shida.

Akwai abin da mutane ke ɗora wa asibiti wanda ba nasa ba ne. Likita ba ya cewa ka ci ko ka faɗi, jami'an lafiya na IRCC ke yanke hukunci. Ba ya kuma iya tsawaita wata 12 ɗin. Wasu don zumuɗi, da sun ga shekara ta kusa cika sai su ruga su sake gwaji ba tare da an nema ba. Wannan sayen wahala ne, domin idan jiran ya ƙara tsawo sabon ma zai ƙare a banza. A jira umarni, idan ya zo kwana 30 ake bayarwa. Sassaucin da Kanada ta yi na yafe maimaita gwaji ga wasu, na waɗanda suke cikin Kanada ne, mazaunin Jidda ba ya ciki.

Kwana 30 ɗin nan a Saudiyya ya fi yadda ake tsammani gajarta. Juma'a da Asabar hutu ne, a Ramadan lokutan aiki na raguwa, hutun sallar layya kuma yakan haɗiye kwanaki. Ranar da saƙon ya shigo, ranar za a kira asibiti. A kuma duba fasfo tun wuri, domin takardar tabbacin zama da za a bayar a ƙarshe ba ta wuce ranar ƙarewar gwajin ko ta fasfo, wadda ta riga zuwa. Wanda aka amince masa saura wata biyu gwajinsa ya ƙare, cikin wata biyun nan zai sallami kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a Saudiyya, ya yi huruj, wato fita ta ƙarshe daga ƙasar, ya sauka a Kanada.