Maganin Ciwon Hanta Nau'in C: Na Mako 8 ko Na Mako 12?

Masu ɗauke da ciwon hanta nau'in C suna yawan tambayar wanne ya fi tsakanin maganin mako 8 da na mako 12, alhali kowannensu yana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka sha shi yadda ya kamata.

Na mako 8, wato glecaprevir da pibrentasvir, ƙwaya uku ake haɗiya lokaci guda kullum tare da abinci, jimilla 168. Na mako 12, sofosbuvir da velpatasvir, ƙwaya ɗaya ce a rana, 84 ke nan, kuma a ƙasashe da dama ana samun samfurinsa mai rahusa. Sai dai, a ganina, halin da hantar take ciki ya fi yawan kwanakin muhimmanci, domin wanda hantarsa ta lalace har ciki ya tara ruwa ba a ba shi na mako 8. Shi kuma sofosbuvir ba ya shiri da maganin zuciya amiodarone.

Gajeren ya dace da wanda bai taɓa shan maganin cutar ba kuma hantarsa tana aiki. Dogon ya fi wa mai raunin hanta, galibi haɗe da wani magani mai suna ribavirin, bisa shawarar likita.