Mailchimp, Brevo ko Substack: Da Wanne Ɗan Kasuwar Kaduna Zai Riƙa Tura Wasiƙar Imel?

Kafin a kai ga sunan kowane kamfani, ka fara duba masu sayen kayanka: suna buɗe imel kuwa? Mai atamfa a Kasuwar Barci da duk cinikinta ke tafiya a WhatsApp ba ta da gaggawar wannan harka. Amma wanda ke kai wa makarantu masu zaman kansu littattafai, ko yake koyar da kwamfuta, ko yake hulɗa da ma'aikatan ofis da ƙungiyoyi, mutanensa imel ne abincinsu. Ga kuma iyakar WhatsApp: jerin aika saƙo ga jama'a ba ya wuce mutum 256, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai same shi ba. Ranar da aka rufe maka lamba ko shafin Facebook, mabiyan sun tafi ke nan. Jerin adireshin imel kuwa kana iya sauke shi ka adana a kwamfutarka.

Da yawa kan fara da Gmail ɗinsu na kullum, su jera adireshi su danna. Zai yi, in mutanen ba su wuce talatin ko hamsin ba. Gmail na kyauta ba ya bari a wuce mutum 500 a rana, babu maɓallin da mai karɓa zai danna ya fita daga jerin, kuma kuskure ɗaya wajen cusa adireshin ya isa kowa ya ga imel ɗin kowa.

Kamfanonin da suka ƙware a aikin duk kama suke da juna a ido: fom na rajista, shafin tsara wasiƙa, rahoton waɗanda suka buɗe. Inda suka rabu shi ne abin da suke ƙirgawa su caje ka, kuma a nan ya kamata ka tsaya ka yi lissafi.

Mailchimp, wanda aka kafa a Atlanta ta Amurka a 2001, kamfanin Intuit kuma ya saye shi a 2021, kawunan mutane yake ƙirgawa. Ko ka tura wasiƙa ko ba ka tura ba, kuɗin wata na bin yawan adireshin da ke jerinka. Har waɗanda suka ce a cire su yana lissafawa, sai ka bi su ka kai su ma'ajiya da hannunka. Tsarinsa na kyauta ma an sha rage shi a 'yan shekarun nan. Abin da yake da shi shi ne daɗewa: kusan duk manhajar shagon intanet tana haɗuwa da shi, bidiyon koyonsa kuma ba ya ƙirguwa a YouTube.

Brevo na Faransa, wanda sunansa Sendinblue kafin 2023, ya fi karkata ga ƙirga saƙonni. A tsarin kyauta yana ba ka imel 300 a rana. Ɗauki misalin mai shagon kayan ofis a titin Ahmadu Bello da ya tara adireshi 2,000, kuma sau ɗaya a wata yake sanar da sabon farashi. A Mailchimp, inda ake ƙirga kawuna, wannan jeri ya riga ya shiga sahun biya. A Brevo zai iya raba shi kashi-kashi ya gama cikin kwana bakwai bai fitar da kobo ba. Sai dai in rangwamen kwana biyu ne kafin Sallah, na ƙarshen layi za su ji labari bayan an watse. Ga ɗan kasuwa mai jeri babba da ba ya yawan turawa, Brevo nake ganin ya fi dacewa, balle yana tura saƙon tes da na WhatsApp daga wuri guda, kodayake waɗannan da kuɗinsu daban.

Kit, da aka sani da ConvertKit kafin 2024, an gina shi ne don masu koyarwa da marubuta. Wasiƙunsa rubutu ne zalla galibi, ba jerin hotunan kaya ba. MailerLite na ƙasar Lituweniya yana da sauƙin koyo, shi ma kawuna yake ƙirgawa.

Substack daban yake. Turawa kyauta ce komai yawan mutanenka, sai ka fara karɓar kuɗi daga masu karatu yake cire kashi 10 cikin 100. Marubuci mai sharhin siyasa ko harkar noma zai ji daɗinsa. Mai sayar da kaya kuwa zai ji ya takura, don ba a yi shi domin talla ba. Sannan karɓar kuɗin ta Stripe ake yi, wato wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, kuma buɗe asusun Stripe kai tsaye da bankin Najeriya ba abu ne da ke yiwuwa cikin sauƙi ba.

Duk waɗannan da kuɗin waje ake biyansu. Yau lissafin naira ya yi daidai, gobe canji ya motsa. Ka tambayi bankinka ko katinka na naira yana biya a waje da kuma iyakarsa, tun kafin jerin ya girma ka maƙale.

Akwai kuɗin da ba a faɗa a teburin farashi: adireshin intanet na kanka, irin mai ƙarewa da .com.ng. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa. Suna so a tantance adireshin mai aikawa, a sa hanyar fita da dannawa ɗaya, kuma masu kai ƙorafi su kasance ƙasa da kashi 0.3 cikin 100, wato mutum uku cikin dubu. Wasiƙar talla da ta fito ta hannun waɗannan kamfanoni da adireshin gmail.com takan zarce akwatin shara. Wannan ma ya isa ya hana ka sayen "jerin imel dubu hamsin" da wasu ke tallatawa. Kamfanonin sukan rufe asusun da ya loda jerin saye, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar mutum za a riƙa aika masa talla. Gara ka ajiye takarda a kan kantar shagonka, ko a rumfarka lokacin bajekolin ƙasa da ƙasa na Kaduna, kowa ya rubuta adireshinsa da hannunsa ya nuna ya amince.

In da Hausa za ka rubuta, kada ka biya kowa sai ka gwada. Buɗe asusun kyauta a biyu daga cikinsu, ka rubuta layi mai ƙ da ɗ da ɓ, ka tura wa kanka, ka buɗe a ƙaramar wayar Android. Wasu salon haruffan ba su da masu lanƙwasa, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. A saƙon tes kuwa harafi ɗaya mai lanƙwasa yana rage tsawon saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗin ya ninka. Daga nan ka nemo maɓallin sauke jerin mutanenka, ka danna, ka tabbata fayil ɗin ya sauko da sunaye da adireshi cikakku.