Liquid Death: ruwan gwangwanin da nake tafiya da shi filin siketbod

Ranar da na fara shigo da gwangwanin Liquid Death (sunan na nufin "mutuwa mai ruwa-ruwa") gida, uwargida tana hango shi a hannuna ta tsaya cak a ƙofar kicin. "Baban yara, mene ne wannan kuma?" Ban ga laifinta ba. Dogon gwangwani ne irin na giya, fari, da hoton ƙoƙon kan mutum yana narkewa. Sai da na fasa na tsiyaya mata a kofi, ta sansana, ta kurɓa, sannan hankalinta ya kwanta. Ruwa ne zalla.

Tun 2006 nake zaune a San Diego ta jihar Kalifoniya, kuma a nan na koyi hawa allon nan mai taya huɗu da ake kira siketbod. Yanzu ni da ɗana muke zuwa filin Linda Vista duk Asabar.

Batun ɗanɗano ba shi da tsawo. Farin gwangwani ruwa ne kamar kowane ruwa mai kyau, baƙin kuma mai gas ne, gas ɗin bai cika kaifi ba, shi na fi so bayan an sha rana. Gwangwanin na saurin ɗaukar sanyi, kuma wanda nake saya rabin lita ne. A shagon gidan mai na kan ba da kusan dala 2 a kan guda, abin da ya fi kuɗin ruwan roba, shi ya sa kwali nake saya. Kamar kowane gwangwani, in ka fasa ba ya rufuwa, don haka ka shanye kafin ka koma kan allo. Taken kamfanin, in aka juya shi zuwa Hausa, "kashe ƙishirwarka" ne. A kunnen Ba'amurke magana ce ta ban tsoro, mu kuwa tun muna yara haka muke faɗa a gindin randa.

Abin da ya sa nake saya ba ɗanɗano ba ne. Wanda bai zauna a bakin filin siketbod shekarun baya ba, da wuya ya gane nauyin zama hannu wofi a can. Idan rana ta faɗi aka gama wasa, sai a zauna a gefen siminti, kwalin giya ya zagayo. In ya iso kaina na ce ba na sha, sai tambayoyi su biyo: me ya sa, ko guda ɗaya, ko kurɓi ɗaya? Ba wanda ya taɓa zagina, amma kullum ni ne bare. A lokacin, manyan 'yan wasan da yara ke kwaikwayo sun mai da maye abin ado. Akwai wani gungu da suka sa wa kansu sunan da ke nufin waɗanda suka yi mankas, cikinsu har da Andrew Reynolds, mai kamfanin allo na Baker, da Jim Greco da Dustin Dollin da Ali Boulala. Ana ɗaukar su a bidiyo suna tangaɗi, matasa na ganin wannan ita ce jarumta. A nan garinmu ma ƙwararrun wasan irin su Paul Rodriguez da Mikey Taylor sun zuba kuɗi a kamfanin giya na Saint Archer, wanda aka sayar wa babban kamfanin giya na MillerCoors a 2015.

Ba wa'azi ne ya sauya lamarin ba, makoki ne. A watan Maris na 2007, a birnin Melbourne na Ostireliya, Boulala ya hau babur a buge, ya goyo abokinsa Shane Cross, suka daki bango. Cross ya mutu yana da shekara 20, shi kuma Boulala ya daɗe a sume, da ya farfaɗo ya yi zaman gidan yari. Na tuna yadda filinmu ya yi tsit a makon da labarin ya iso. Shekara guda kafin nan Harold Hunter na New York ya rasu yana da 31, bugun zuciyar da hodar iblis ta jawo. Christian Hosoi, wanda a shekarun 1980 shi ne babban abokin hamayyar shahararren ɗan siketbod Tony Hawk, an kama shi da ƙwaya a filin jirgin Honolulu a 2000, bai fito ba sai 2004, daga baya ya zama fasto. Reynolds da Greco dukansu sun daina shaye-shaye, kuma ba su ɓoye ba. Wannan ne ya fi tasiri a wurina: mutumin da yaro ya liƙa hotonsa a bango ya fito ya ce abin nan ya kusa kai ni kabari, kuma bayan ya bar shaye-shaye, wasansa bai ragu ba. Daga nan cewa "ba na sha" ta daina zama abin kunya.

Sai gasar Olamfik ta ƙara nata. Da aka shigar da wasan a Tokyo a 2021, gwajin ƙwaya ya shigo tare da shi. Cory Juneau, ɗan San Diego, an taɓa dakatar da shi wata 6 saboda an samu tabar wiwi a jikinsa, ya dawo ya ci tagulla a Tokyo. Ƙananan yara ma suka fito gaba a wasan: wadda ta ci zinare a rukunin titi na mata, Momiji Nishiya, shekararta 13 a lokacin.

Ana cikin wannan sauyin ne Liquid Death ya fito kasuwa a 2019. Mike Cessario, wanda ya kafa shi, ya lura ne a wani bikin kiɗa a 2009 cewa mawaƙa na shan ruwa daga gwangwanin lemon ƙarin kuzari. Daga nan tunanin sayar da ruwa a gwangwani ya zo masa. A 2021 kamfanin ya fitar da alluna 100 da aka gauraya fentinsu da jinin Tony Hawk, dala 500 kowanne, suka ƙare nan take. Wannan tallar ba ta kwanta mini ba, jinin ɗan Adam ba kayan fenti ba ne. Amma ta nuna waɗanda ake nema da hajar.

Kada wani ya ɗauka filayen sun tsarkaka. Wiwi halal ce ga manya a dokar Kalifoniya tun 2016, kuma da yamma har yanzu ana jin warinta a wurin ajiye motoci. Bambancin shi ne yanzu in na zauna da gwangwanina, ba mai tambayata komai, kuma na kan ga wasu biyu ko uku riƙe da irinsa. Ɗaya daga cikinsu tsohon abokin wasana ne da ya yi shekaru yana fama da kwalba. Ya ce mini hannunsa ne ya fi bakinsa kewar gwangwani, wannan ɗin ya cike masa gurbin.

Inda nake da ja shi ne yara. Ɗana shekararsa 10, kuma ba na son hannunsa ya saba da siffar gwangwanin giya ko da ruwa ne a ciki, balle sunan mutuwa da ƙoƙon kai. Ni kaina ba na shiga da shi harabar masallaci, don gudun zargi. Ga babba da ya daina sha, ko wanda bai taɓa sha ba amma yana zaune cikin masu yi, ina ba da shawarar a saya. Asabar da ta wuce yaron ya miƙo hannu ya ce, "Abba, ɗan sam min." Na karɓi gorarsa ta ƙarfe, na juye masa rabi a ciki, ya shanye ya koma kan allonsa.